Gurbin da Baba Tela Ya Bari



Mun san a yawancin gidajen da wannan jarida take shiga ba a taɓa ganin wasan da za mu ba da labarinsa ba. A ƙasarmu in aka ce wasa, kokowa ce a gaba, balo na biye da ita, sa'an nan langa da dara ga wanda ya tashi a karkara. Softbol kuwa baƙo ne daga Amurka, bai kuma taɓa samun wurin zama sosai a nan ba. Duk da haka mu goma sha biyu mun yi shekara takwas muna yin sa kowace Asabar ta lokacin ɗari, a wani fili mai rairayi a gefen birnin Yamai. A cikinsa ne kuma muka aikata wani abu wanda har yau, in mun haɗu wajen suna ko ɗaurin aure, sai ɗayanmu ya tono shi.

Ga yadda wasan ya zo hannunmu. Daga 1962 har zuwa 2011 Amurka ta riƙa aiko da matasa ƴan sa-kai zuwa Nijar, waɗanda aka fi sani da Kor-da-la-Pe. Kafin a rarraba su ƙauyuka akan kai su Hamdallaye su yi makonni suna koyon Hausa ko Zabarmanci. Uku daga cikinmu sun koyar da Hausa a wurin, biyu kuma direbobi ne. Da yamma in an tashi karatu sai ɗaliban su fito da sanda da ƙwallo, mu da muka wuni muna gyara musu «ƙ» da «ɗ» mu koma ɗalibai, su su gyara mana riƙon sanda. A shekarun nan Amurkawan Yamai suna da filinsu, kuma kowane watan Oktoba sukan yi wata gasa da suka raɗa wa suna NUTS, kalmar da a harshensu take nufin taɓaɓɓu. Akwai irinta a Wagadugu, akwai kuma babbarsu a Dakar cikin watan Fabrairu. Mun sha zuwa kallo. A 2003 sai muka ga babu dalilin da zai sa mu zauna jiran gayyata. Muka tattara tsofaffin kayan da masu komawa gida suke bar mana, muka jawo abokanmu na fada, muka kafa ƙungiyarmu. Kafin shekara biyu ƙungiyoyin suka zama huɗu, ana karawa daga Nuwamba zuwa Janairu, don daga Maris babu mai hankalin da zai yi gudu a rairayin Yamai.

Asalin wasan ma a zaman hira aka same shi, abin da ya sa muke ganin ya dace da ƴan fada. A 1887, a birnin Shikago, waɗansu samari sun taru a zauren wata ƙungiyar masu tseren kwale-kwale suna jiran labarin wasan da jami'ar Harvard take yi da ta Yale. Da labari ya zo, sai ɗaya ya jefi wani da safar dambe, shi kuwa ya make ta da sanda. Wani daga cikinsu mai suna George Hancock ya ɗaure safar ta dunƙule, ya zana fili da alli a daɓen zauren, aka shiga wasa. Sai a 1926 aka sa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu, wanda ma'anarsa ƙwallo mai taushi. Sunan yaudara ne. Ƙwallon ya fi lemon zaƙi girma, taurinsa kamar ɗanyen goruba, kuma akwai wani a cikinmu da ƙaramin yatsansa ya karkace har yau, shi ne shaidarmu. Wasan iri biyu ne. Akwai na jifa da ƙarfi, wanda mata suka shiga wasannin Olamfik da shi a Atlanta a 1996. Akwai kuma na jifa a hankali, wanda ma'aikata da maƙwabta a Amurka suke yi bayan an tashi aiki, tsoho da yaro, mai tumbi da marar tumbi. Namu ke nan.

Dole mu ɗan tsaya a kan ƙa'idarsa, in ba haka ba laifinmu ba zai fito ba. Ana ajiye alamomi huɗu a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowane biyu kimanin mita 20. Ta farko, inda mai bugu yake tsayawa, sunanta gida; sauran ukun mu muka sa musu zango. Ƙungiya ɗaya takan baza mutum goma cikin fili suna tsaro, ɗayar kuma tana turo masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa yakan lilo hannu ta ƙasa ya sako ƙwallon ya yi sama ya wuce tsayin mutum, sa'an nan ya sauko gaban mai bugu. In ya buga sai ya jefar da sanda ya ruga zangon farko. Wanda duk ya zagaye zango uku ya komo gida, ƙungiyarsa ta sami ci ɗaya. In aka cafe ƙwallon a sama, ko ya riga mutum isa zango, to ya mutu, kamar yadda yara suke cewa a wasanninsu. In mutum uku suka mutu sai a yi musaya. In kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya an yi turmi guda, kalmar da muka aro daga ƴan dambe, kuma turmi bakwai ne wasa.

Abin da ya bambanta shi da balo shi ne jerin masu bugu. A balo ana iya wuni ana miƙa wa gwani, rago kuwa ya gama wasa ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba, ba wanda zai lura. A nan kuwa tun kafin a fara ake rubuta sunaye daga na ɗaya zuwa na goma, kuma haka za a bi su har a tashi. Gwani in ya buga sai ya jira mutum tara. Rago kuwa ko yana so ko ba ya so layi zai zo kansa, ya fito shi kaɗai kowa yana kallo, kuma sau da yawa a lokacin da aka fi bukatar gwanin ne.

Dattijonmu tela ne, mutumin Tasawa, shagonsa ba nisa da kasuwar Wadata. Ba da niyyar wasa ya zo mana ba. Wata safar hannu ce ta yage, irin ta fata wadda ake cafe ƙwallo da ita, a Yamai kuwa babu kantin da ake sayar da ita. Muka kai masa, ya jujjuya ta, ya tafi wurin dukawa ya sayo tsirkiyar fata, ya ɗinke ta har ta fi da ƙarfi. Ranar Asabar ya kawo ta fili da kansa don ya ga abin da ake yi da ita, bai kuma fasa zuwa ba. Shi ya ɗinka mana riguna iri ɗaya. Shi ya cika buhunan shinkafa da rairayi ya ɗinke bakinsu suka zama zango. In ɗinkin ƙwallo ya warware, shi yake mayar da shi da allurar buhu. A lokacin ya haura sittin, kuma shekara arba'in na zura zare a kafar allura sun ci idonsa. Muna ajiye shi can baya ta hannun dama, wurin da ƙwallo bai cika zuwa ba, saboda yawancin masu bugu na-dama ne, bugunsu hagu yake tafiya. A jeri kuwa shi ne na goma. Cikin bugu biyar da ƙyar yake isa zangon farko sau ɗaya, in kuwa ya isa sai fili ya ɗauki sowa har da abokan hamayya. Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mana samari, alhali akwai mai furfura a cikinmu.

A Janairun 2009 muka kai wasan ƙarshe, karo na farko tun da muka kafa ƙungiya. Kada mai karatu ya zaci wata dukiya aka sa. Kowace ƙungiya ta zuba jika biyar, aka sayi kwalin shayi da sukari da wani ƙaramin kofi na gwangwani mai ruwan azurfa. Abokan karawarmu mushe-mushe ne na wata lakwal da manyan ɗalibansu, tare da Amurkawa biyu masu Hausar ƙauyukan Maraɗi, waɗanda in sun yi magana sai ka waiwaya ka nemi Bagobirin. Shekara uku suna lallasa mu.

Daren Juma'a muka zauna a fada muka rubuta jeri. Ba za mu faɗi wanda ya fara kawo maganar ba, domin ba wanda ya musa masa. Mu goma sha biyu ne, wuri goma, ɗaya ya yi tafiya Dosso, saura mutum guda da zai zauna. A da in haka ta faru ƙuri'a muke yi da tsinken ashana. A wannan dare ba a nemi ashana ba.

Da muka isa fili bayan la'asar, madugunmu, watau shugaban ƙungiya, ya je ya durƙusa gefensa.

«Baba, yau wasan babba ne, muna tsoron rigima wajen lissafi. Ba mu da wanda kowa ya yarda da shi sai kai. Ka riƙe mana littafi.»

Baba ya riga ya sa safarsa a hannu. Ya dubi madugu, ya dube mu, kowannenmu ya sami abin gyarawa a takalminsa. Ya zare safar a hankali ya miƙa wa wanda ke kusa da shi.

«To, samari. Ku kawo littafin.»

Littafin na ƴan lakwal ne mai murabba'ai, an ja wa kowane ɗan wasa layinsa, kowane turmi da gurbinsa. Ya zauna a kan benci ya kusanto da shi dab da hancinsa.

Ranar an yi hazo mai yawa, irin wanda rana take zama kamar faranti tun ƙarfe biyar. Wasan ya yi zafi. Suka wuce mu, muka kamo su, suka sāke wucewa. Da aka shiga rabin ƙarshe na turmi na bakwai, mu ke bugu, ci 8 da 8. Mutum biyu sun mutu, muna da ɗaya a zango na biyu. Bugu ɗaya mai kyau zai kawo shi gida mu ci. Magariba ta kusa, kuma dokarmu ce tun farko cewa da an ji kiran salla an tashi, ko a ina aka tsaya.

Layi ya zo kan na tara. Muna da wa da ƙane, ƴan Ƙonni, masu kama da juna ƙwarai, tsayi ɗaya, tafiya ɗaya, ga riga iri ɗaya. Wan shi ne na uku a jeri, kuma babu mai bugunsa a ƙungiyoyin nan huɗu. Ƙanen, ɗan shekara goma sha tara, yaron gareji, shi ne na tara, kuma a ranar sau uku yana fita sau uku yana mutuwa. Ya tashi ya ɗauki sanda. Madugu ya dubi wan, ya ɗan ɗaga gira. Wan ya miƙe ya karɓi sandar daga hannun ƙanensa kamar zai duba masa ita, ya jawo hularsa ƙasa, ya wuce gida ya tsaya. Dukanmu mun gani. Masu tsaro suna nesa cikin hazo, mai cafewa na bayan gida kuwa hankalinsa yana kan wanda ke zango na biyu. Jifa ta farko ya make ta ta wuce kan kowa. Mutuminmu ya shigo gida yana tsalle.

Muka yi ta ihu, muka ɗaga madugu sama. Mushe-mushe suka zo suka ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya, suka miƙa kofi da kwalin shayi, ladan ya kira salla. Da muka idar, Baba ya miƙa wa madugu littafin a rufe, ya ce sai da safe, ya tura kekensa ya tafi. Sai a fada muka buɗe. Ya rubuta kome daki-daki, turmi bayan turmi, da rubutunsa na ajami mai kyau. Gurbin ƙarshe, na mutum na tara a turmi na bakwai, babu kome a ciki. A ƙasa inda ake rubuta jimla ya sa 8 da 8.

Nan gardama ta tashi, ta kuwa kai mako uku. Akwai a cikinmu wanda ya karanta littafin dokokin wasan da Ingilishi, ya ce mu kwantar da hankali. A doka, in wani ya yi bugu ba a layinsa ba, abokan hamayya ne za su kai ƙara, kuma sai sun kai ta nan take, kafin a sāke jifa ko kafin su bar fili. Alƙali ba ya tuna musu, mai riƙe da littafi ma ba ya tuna musu. In suka yi shiru bugun ya zauna. Gaskiya ya faɗa, haka dokar take. Saboda haka, in ji shi, Baba ya yi daidai da ya yi shiru, amma ya yi kuskure da ya ƙi rubutawa. Waɗansu suka ce dokar an yi ta ne saboda mai mantuwa, mu kuwa ba mantuwa muka yi ba. Aka yi ta ja, ana shan shayin da ake gardama a kansa, har kwalin ya yi rabi.

Baba bai zo Asabar ta gaba ba, bai zo ta bayanta ba. Muka ce fushi yake don mun cire shi, zai huce. Sai da tsirkiyar safa biyu ta tsinke muka ga ba makawa, muka tashi mu biyar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka nufi shagonsa, da safofin a leda don su zame mana dalili. Ya amsa sallama, ya nuna mana benci, ƙafarsa ba ta bar taka keken ɗinki ba. Madugu ya fara jero ban-haƙuri: mun yi kuskure, ba mu kyauta ba da muka zaunar da shi, wurinsa yana nan.

Ya tsayar da keken.

«Samari, zaunar da ni da kuka yi bai hana ni barci ba. Na fi ku sanin idona. Da kun ce, Baba ba ka gani, da na fi jin daɗi, amma wannan ma ya wuce. Ina yaron nan?»

Muka ce wane yaro.

«Wanda aka karɓe wa sanda. Ya zo fili tun ranar?»

Muka dubi juna. Bai zo ba. Asabar uku ke nan bai zo ba, bai kuma zo fada ba, kuma a cikinmu babu wanda ya lura, har da wansa da ke zaune a kan bencin, wanda ya ce shi ya ɗauka aiki ne ya yi masa yawa a gareji. Mako uku muna tattauna doka da littafi da fushin dattijo, ba a ambaci sunan yaron ko sau ɗaya ba.

«Ku bar safofin,» in ji Baba. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Muka sami yaron a ƙarƙashin wata tsohuwar Peugeot, sai ƙafafunsa a waje. Ya fito yana goge hannu, ya gaishe mu da ladabi, ya ƙi haɗa ido da wansa. Da madugu ya gama magana, ya yi shiru har muka zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, «Yaya, na san da na buga mutuwa zan yi. Amma ai tawa ce.»

Zuwa wurin mushe-mushe ya fi mana sauƙi bisa yadda muka zata. Muka mayar da kofi, muka cika kwalin shayi da kuɗinmu. Shugabansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai ya yi mamakin yadda yaro ya koyi bugu tsakanin turmi na biyar da na bakwai. Ɗaya daga cikin Amurkawan bai yi dariya ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Su suka kawo shawarar kada a sāke wasan daga farko, a koma daidai inda aka karkace: ci 8 da 8, biyu sun mutu, mutum ɗaya a zango na biyu, na tara a gida.

Aka yi haka a Asabar ta ƙarshen Fabrairu, zafi ya fara. Muka roƙi Baba ya karɓi safarsa ya shiga, wani ya zauna. Ya ce a'a, jerin da muka rubuta da hannunmu shi za mu ƙarasa da shi. Ya zauna a benci ya buɗe sabon shafi. Yaron ya fito. Ya bar jifa ta farko ta wuce. Ta biyu ya buga, ƙwallon ya yi sama sosai, ya sauko cikin safar mai tsaron zango na biyu, wanda ko taki ɗaya bai yi ba. Abin da muka yi wata guda muna shiri bai kai minti biyu ba. Aka shiga turmi na takwas don raba gardama, suka zuba mana uku, ba mu rama ko ɗaya ba. Yaron ya dawo benci ya zauna kusa da Baba, wansa ya kawo masa ruwa, ya karɓa.

Mun ƙara shekara biyu muna wasa, Baba yana na goma, ashana kuma ta dawo. Ba mu sāke kai wa wasan ƙarshe ba. A ranar 7 ga Janairun 2011 aka sace waɗansu samari Faransawa biyu a wani gidan abinci a unguwar Plato, aka kashe su, kuma cikin kwanaki kaɗan aka kwashe ƴan sa-kai na Amurka su 98 daga ƙasar. Masu koyar da Hausa da direbobi a cikinmu suka rasa aiki, wani ya koma Damagaram, wani ya tafi Kwatano. Hanyar samun ƙwallo da sanda ta toshe. Baba ya yi ta ɗinke ƙwallayen da suka rage har ya zama zare ya fi fata yawa. Daga baya aka yanka filin aka yi gidaje.

Baba ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa. Bayan an yi sadakar bakwai, babban ɗansa ya kawo mana wani buhu da ya samu a ƙarƙashin teburin yanka: safofi tara, kowace an shafe ta da man shanu don kada ta bushe, da littafin. Ashe madugu ya mayar masa da shi tun 2009. Yanzu yana hannun ƙanen nan, wanda ya zama mai garejin kansa a hanyar Filinge, da ƴaƴa huɗu. Bara wajen sunan autarsa ya fito da shi. Masanin dokarmu, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya sa tabarau ya duba shafin, ya ce har gobe a doka 9 da 8 ne, ya nemi a ba shi biro. Mai gida ya rufe littafin ya mayar da shi ɗaki, ya ce a kawo shayi na biyu.